Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Upwork: Hoton Da Yake Fitowa Baƙi

Zuwa ga Madam Hayden Brown,
Shugabar Kamfanin Upwork,
Jihar Kalifoniya, Amurka.

Ranki ya daɗe,

Mai wannan wasiƙa ya zo ne da maganar wasu mutane da ba su cika yawa a lissafin kamfani ba, amma duk sa'ar da suka yi suna aiki kamfanin yana cin kasonsa a ciki. Su ne masu ƙwadago ta intanet da ke aiki da babbar manhajar Linux. Kokensu ba na kaso ba ne, ba kuma na tsadar neman aiki ba. Maganar hoto ce, hoton fuskar kwamfuta da manhajar kamfanin take ɗauka domin shaida cewa ma'aikaci ya yi aikin da zai karɓi kuɗinsa.

Shugaba ta fi kowa sanin yadda abin yake, tunda ta shiga gidan tun 2011, lokacin ana kiran sa oDesk, kafin a ɗaura aurensa da Elance a ƙarshen 2013, a raɗa masa Upwork a 2015. Ta riƙe sashen ƙirar kayan kamfani kafin ta hau kujerar shugabanci a Janairun 2020. Saboda haka bayanin da ke biye don masu karatu ne. Idan aiki na sa'a-sa'a ne, ma'aikaci yakan kunna manhajar lissafin lokaci a kwamfutarsa. Manhajar ta raba kowace sa'a gida shida, minti goma-goma. A cikin kowane gida, a daidai lokacin da ma'aikaci bai sani ba, sai ta ɗauki hoton abin da ke kan allonsa, ta haɗa da yawan dannawar da ya yi a madannai da linzamin kwamfuta, ta aika cikin kundin aiki. Ba ta rubuta abin da aka danna, adadin kawai take ƙirgawa. Mai ba da aiki yana Landan ko Toronto yana iya buɗe kundin ya ga hotuna shida na kowace sa'a. In ma'aikaci ya ga wani hoton ya kama abin da bai kamata a gani ba, yana da damar goge shi, amma mintuna goman nan sun tafi tare da hoton.

A kan wannan kundi kamfanin ya gina alkawarinsa mafi tsada, wato kariyar biyan kuɗin sa'o'i. In mai ba da aiki ya ci amana, ko katinsa ya ƙi biya, kamfani yakan tsaya wa ma'aikaci, bisa sharaɗin cewa da manhajar aka lissafa lokacin, akwai hotunan da ke nuna aikin, akwai ɗan bayani a rubuce, akwai kuma alamar motsi isasshe. Lokacin da mutum ya shigar da hannunsa ba ya cikin wannan kariya, kuma sai mai ba da aiki ya yarda ma ake iya shigar da shi. Hoton nan, a taƙaice, shi ne mai shaida, shi ne kuma rasit.

To, a ƙaddara wani matashi ne a Kaduna, mai rubuta manhajoji, da tsohuwar ThinkPad ta hannu. Daren Asabar ya sabunta Ubuntu ɗinsa, wato nau'in Linux da yake aiki da shi, da datar dare mai araha. Da safe ya kunna manhajar lissafi, sai ta sanar da shi cewa ba ta iya ɗaukar hoto a tsarin da yake kai. Wani abokinsa ya koya masa dabarar da zai wuce saƙon, ya bi, agogo ya fara tafiya. Wuta ta ɗauke da hantsi, ya tayar da janareto. Ya yi sa'a shida cur yana bin wani kuskure da ya ɓuya a cikin manhajar biyan kuɗi ta wani ɗan kasuwa a Holan. Da magariba ya buɗe kundin aiki ya rubuta bayani, sai ya tarar da akwatuna talatin da shida a jere, kowanne baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. A ce dala 15 yake karɓa a sa'a: dala 90 ke nan take reto, ban da kuɗin fetur. Makon aiki kuwa yana rufewa ne tsakar daren Lahadi agogon GMT, ƙarfe ɗayan dare a Kaduna ko Damagaram, kuma daga azahar ɗin Litinin ba sauran gyara a kundi. Abin da ya rage masa shi ne ya rubuta wa mutumin Holan doguwar takardar ban haƙuri, yana bayyana masa wani abu wai shi Wayland, wanda mutumin bai taɓa jin sunansa ba, ba kuma shi da niyyar ji.

Matashin bai yi laifin komai ba. Kwamfutarsa ma lafiyarta lau. Gidan ne aka sauya wa fasali, manhajar kamfani kuwa tana nan tana neman tsohuwar ƙofa.

Tsohon tsarin da Linux ke zana fuskar kwamfuta da shi ana ce masa X. An fara shi a jami'ar MIT a 1984, zubinsa na goma sha ɗaya, X11, ya fito a 1987, kuma da shi aka yi ta tafiya sama da shekara talatin. An ƙera shi a zamanin da masu kwamfuta kaɗan ne kuma sun san juna, don haka ya fito kamar gidan haya marar labule. Kowace manhaja da ke gudana tana iya leƙa tagar kowace, ta ɗauki hoton allo gaba ɗaya, ta saurari duk abin da ake dannawa, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ga mai manhajar sa ido wannan aljanna ce, domin 'yan layuka kaɗan sun wadatar. Ga ɓarawon kalmar sirri ma haka, don tagar da manhajar kamfani take leƙawa ita ce dai tagar da shi ma yake leƙawa.

A 2008 wani injiniya ɗan Denmak, Kristian Høgsberg, yana aiki a kamfanin Red Hat, ya fara sabon tsari ya sa masa sunan wani gari a jihar Massachusetts, Wayland. Zubin farko cikakke ya fito a 2012. A wannan sabon gida kowace manhaja ɗakinta kawai take gani. Mai kula da gidan, wato manhajar da ke harhaɗa tagogi a kan allo, shi kaɗai yake ganin komai, kamar yadda ake rubuta “ba shiga” a ƙofar gidan Bahaushe, baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama. An yi wa tsofaffin manhajoji rangwame da wani ɗaki na musamman, XWayland, inda za su ci gaba da rayuwa irin ta da. Suna buɗewa, suna aiki, amma in ɗayarsu ta ce a ba ta hoton allo gaba ɗaya, abin da take samu shi ne duhu, ko kuwa 'yan tagogin da suke ɗaki ɗaya da ita. Asalin akwatunan nan talatin da shida ke nan.

Ba a yi wannan ƙaura cikin dare ba. Fedora ta mai da Wayland tsarinta na farko tun zubi na 25 a 2016. Ubuntu ta gwada a 17.10, ta ja da baya a 18.04, ta dawo a 21.04 ta zauna. Debian ta bi sahu a 2019 ga masu farfajiyar GNOME, wato fuskar aikin da tagogi ke zama a kai. KDE Plasma 6 ta fito a Fabrairun 2024 da Wayland a gaba. Duk tsawon shekarun nan amsar da ake ba ma'aikaci ɗaya ce: ya fita, ya danna ɗan gurbin da ke gefen wurin sa kalmar sirri, ya zaɓi Xorg, wato tsohon tsarin X, ko ya buɗe fayil ɗin saitin GDM, manhajar wurin sa kalmar sirrin, ya rubuta WaylandEnable=false. Shawarar ta yi aiki, gaskiya, lokacin da tsohuwar ƙofa take buɗe. Yanzu ana toshe ta da bulo. Red Hat ta cire Xorg daga zubinta na 10 a 2025. A Satumban shekarar GNOME 49 ta fito da zaman X11 a kashe, Ubuntu 25.10 kuma ta zo babu zaɓin GNOME a kan Xorg kwata-kwata. Wanda ke kan Ubuntu 24.04 yana da sauran numfashi, tunda ana tallafa mata har 2029, haka masu Xfce da Cinnamon da ke kan tsohon tsari har yanzu. Sai dai wannan jinkiri ne kawai. Wanda ya sa sabuwar Ubuntu ko Fedora yau, ya je neman gurbin nan, ba abin da zai tarar.

Da yake masu Linux mutane ne da ba su iya zama hannu rabbana ba, sai suka shiga ƙera nasu makullan. A nan ne labarin ya fi daɗin ji, a nan ne kuma ya fi tayar da hankali.

Wasu sun lura cewa akwai lokacin da manhajar ta san hanya ɗaya tak ta roƙon hoto a Wayland, wato ta kira farfajiyar GNOME ta layin saƙon cikin gida da ake kira D-Bus. To, mai amfani da Sway ko wata farfajiyar daban ba shi da GNOME da za ta amsa. Sai suka rubuta 'yar ƙaramar manhaja da ke zama a layin tana amsa sunan GNOME. Manhajar kamfani ta kira, 'yar sojan gonar ta ce “na'am,” ta juya ta aiki grim, wani ɗan kayan ɗaukar hoto na gidan Sway, ta karɓo hoton ta miƙa kamar ita ta ɗauka. Da aka zo tambayar ko mutum yana motsi ko ya tashi shan shayi, ita ce dai take sake amsawa da wata muryar. Aiki ne na gwaninta, kuma kyauta aka baza shi a GitHub. Amma a Satumban 2021 GNOME 41 ta taƙaita wannan layin nata, ta ce ba kowace manhaja za ta riƙa kiran sa ba, domin tun farko na cikin gida ne. Manhajoji da yawa masu ɗaukar hoto suka wayi gari a waje.

Wasu sun fi haka zurfi. Sukan sauya alamar XDG_SESSION_TYPE don manhajar ta ɗauka tana kan tsohon tsari, sannan su yi amfani da LD_PRELOAD su cusa nasu ɗan guntun aiki gaba da na asali, ta yadda in manhajar ta miƙa hannu ɗaukar hoto, hoton da aka tanada daga wata hanyar ne zai faɗo mata. Waɗanda ba su da wannan ƙarfin sukan kafa kwamfutar gaibu a cikin kwamfutarsu, su zuba mata tsohon tsari ko Windows, su yi duk aikin yini a ciki, injin yana nishi, batir yana zuba kamar rariya. Akwai masu ajiye kwamfuta ta biyu don wannan manhaja ita kaɗai. Kowace dabara tana aiki har ranar da manhajar ko farfajiyar ta sabunta, sai a koma gidan jiya.

Ranki ya daɗe, a nan ne maganar ta daina zama ta 'yan Linux kawai ta zama ta kamfani. Darajar hoton nan ita ce mai ba da aiki ya yarda cewa manhajar kamfani ce ta ɗauka da idonta. Gani ya kori ji. Amma da zarar an sa ɗan tsakani tsakanin manhaja da allo, abin da ke isa kundi shi ne abin da ɗan tsakanin ya ga dama ya miƙa. Mai gaskiya yana miƙa hoton gaskiya. Marar gaskiya kuwa, da wannan makullin dai, yana iya miƙa hoton jiya. Wato rashin tallafin ya sa mutanen kirki sun ƙera, sun goge, sun kuma rarraba kayan aikin da ke raunana shaidar da kamfani ya ɗora alkawarinsa a kai. Su kansu masu gaskiyar suna cikin zullumi. Dokokin kamfani sun hana yi wa manhajarsa kutse, kuma ɗan ƙwadago ya san abin da rufe asusu yake nufi: shekarun da ya yi yana tara yabon masu ba da aiki sun tafi a yini ɗaya. Mutumin da duk burinsa a gan shi yana aiki, ya koma yana ɓoye hanyar da ya bi aka gan shi.

Akwai kuma hatsarin da ba a cika faɗa ba. Ɗan guntun da ake cusawa ta LD_PRELOAD yana gudana da duk ikon mai kwamfutar. Matashin da ya kwafo shi daga inda bai sani ba, ƙarfe goma sha ɗayan daren Lahadi, agogo yana binsa, ba zai tsaya karanta shi layi-layi ba. A kwamfutar nan kuwa akwai makullan shiga rumbun mutumin Holan.

Abin takaicin shi ne ƙofar halal tana nan a buɗe, da ma an gina ta don irin wannan baƙon. Masu Linux sun yi zauren sallama da ake kira xdg-desktop-portal, wanda GNOME da KDE da gidajen Sway da Hyprland duk suka yarda da shi. Manhaja takan zo ta ce tana son ganin allo. Farfajiya ta fito da akwati ta tambayi mai kwamfuta: wane allo, ko wace taga? Ya zaɓa, sai hoton ya riƙa gudana zuwa ga manhajar ta bututun PipeWire, alama kuma ta bayyana a kan allo tana tuna masa cewa ana kallo. Da can ana kukan cewa kullum sai an sake tambaya, abin da ba zai yiwu ba ga manhajar da ke ɗaukar hoto sau shida a sa'a. An magance wannan tun wajen ƙarshen 2021 da wata shaidar izini da manhaja ke ajiyewa, ta nuna ta gobe a buɗe mata ba sai an sake tambaya ba. OBS Studio, manhajar naɗar bidiyo da 'yan sa kai suke haɗuwa su gina, ta bi wannan hanya tun zubinta na 27 a 2021. Firefox da Chrome da ita suke raba allo a taron bidiyo. Manhajar Upwork kuwa a kan Electron aka gina ta, wanda injin Chrome ɗin nan ne a cikinsa. Buɗe bututun lokacin da ma'aikaci ya kunna agogo, a tsinci hoto ɗaya a kowane minti goma, a rufe in ya kashe, ba sabon ilimi ba ne.

Mai wannan wasiƙa ba zai ɓoye inda gizo ke saƙa ba. Hoto mai sauƙi ne, ƙirga dannawa ne mai wuya. Wayland da gangan ya hana wata manhaja jin abin da ake dannawa a tagar wata, kuma ba a sa ran zai sassauta, domin wannan ne rabin dalilin ƙirƙirarsa. Akwai hanyar bayan gida, a sa mai kwamfuta cikin rukunin da ke karanta na'urorin shigarwa kai tsaye, amma wannan ya mai da gidan gaba ɗaya marar labule, kuma bai dace kamfani mai mutunci ya nemi hakan daga mutane ba. Abin da tsarin ya yarda da shi ya fi wannan kunya: yana iya gaya wa manhaja ko mutum yana motsi ko ya daina, ba tare da faɗin sau nawa ba. KDE da Sway suna yin haka ta ƙa'idar ext-idle-notify, GNOME tana da nata ma'aunin. Ma'aunin motsi da kundin aiki ke nunawa kuwa gida goma ne, kowane gida minti ɗaya. Tambayar “ya motsa a wannan mintin?” ta wadatar a cika shi. Adadin dannawa ne kawai zai ɓace, kuma da ma wannan adadin bai taɓa zama ma'aunin aiki na ƙwarai ba. Mai rubuta manhaja yakan yi minti ashirin yana kallon allo bai taɓa komai ba, sannan ya gyara harafi ɗaya, kuma harafin nan shi ne aikin ranar. Mai son cuta kuwa ko ɗan ƙanensa ya ba linzami ya yi ta kaɗawa.

Za a ce masu Linux ba su da yawa, injiniyoyi kuma suna da abin da ya fi wannan gaggawa. A duniya baki ɗaya haka ne: ƙididdigar StatCounter ta nuna sai a 2024 Linux ta haura kashi 4 cikin ɗari na kwamfutocin tebur. Amma kasuwar Upwork ba duniya baki ɗaya ba ce. Rubuta manhajoji yana cikin manyan sana'o'in da ake saye da sayarwa a dandalin, kuma binciken shekara-shekara na Stack Overflow ya nuna a 2023 da 2024 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan sana'a suna aiki da Ubuntu, ban da masu Debian da Fedora da Arch. Su ne masu kwantiragin sa'a-sa'a na watanni, irin wanda kamfani ke tatsa kowane mako.

Ga kuma wata iska da ke ƙara kaɗo mutane. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba. Kwamfutocin da suka faɗi wannan jarrabawa ba shara ake kai su ba. Su ne ake lodowa a kwantena, su sauka a Computer Village ta Ikeja, su gangaro Farm Centre a Kano, su faɗa hannun ɗalibai da masu koyon sana'a. Gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku fasahar zamani, kuma aikin nesa yana cikin abin da ake kwaɗaita wa matasan. Wanda ya riƙe irin wannan kwamfuta, in yana son babbar manhaja mai samun facin tsaro ba tare da ya sayi sabon inji ba, Linux ce mafitarsa, kuma Linux ɗin da zai sauko da ita yau galibi Wayland ce a cikinta. Haka abin yake a Daka da Lahor da Nairobi.

Kamfanin da kuɗin shigarsa ya haura dala miliyan 750 a 2024, wanda da kansa yake rarraba manhajarsa a ƙunshin deb da rpm don masu Linux, ba zai ce bai san da su ba. Yana karɓar kasonsa daga sa'arsu daidai da yadda yake karɓa daga mai Windows da mai Mac. Wanda ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski.

Wani mai karatu zai yi mamakin a ce mutum ya zauna ya rubuta doguwar wasiƙa yana roƙon a gyara na'urar da ke leƙen asirinsa. Mai wasiƙar ma ba masoyin wannan leƙe ba ne. Tela ba ya ɗinki da mai riga a tsaye a kansa. Amma ɗan ƙwadagon da ke Kaduna ba shi da lauya a Holan, ba shi da kotun da zai kai ƙarar dala 90. Hoton nan da ya tsana shi ne kaɗai abin da zai ɗaga in an ce bai yi aiki ba. Har a samo abin da ya fi shi, gara ya fito da kyau. Hanyar zauren sallama ma ta fi tsohuwar mutunta ma'aikaci, tunda shi zai zaɓi allon da za a gani, ya bar ɗayan da saƙon iyalinsa yake kai.

Abin da ake nema daga ofishin Shugaba bai fi ƙarfin sa hannu ɗaya ba. A sa wa sashen manhaja wa'adi ya koma ɗaukar hoto ta xdg-desktop-portal da PipeWire, a kuma faɗi wa'adin a fili don mutane su san ko su jira ko su nemi wata dabara. A karɓi ma'aunin motsi na minti-minti a matsayin isasshiyar shaida ga masu Wayland, a rubuta haka cikin sharuɗɗan kariya yadda mai ba da aiki zai gani. Kafin a kammala, manhajar ta riƙa duba hoton da ta ɗauka: in baƙi ne tas, ta yi kururuwa a minti goman farko, kada ta bar mutum ya yi sa'a shida a duhu. Wannan na ƙarshen aikin yini guda ne ga injiniya ɗaya. Sannan a fito a faɗi matsayin waɗanda suka yi amfani da 'yar sojan gona don kawai hotonsu na gaskiya ya isa kundi, a cire musu fargabar rufe asusu.

Masu gwaji kuwa ba sai an neme su da fitila ba. Mutanen da suka zauna suka gano layin da manhajar take kira, suka rubuta mata mai amsawa a lokacin hutunsu, suna da asusu a dandalin, da yawansu ma da tambarin ƙwarewa a jikin sunansu. Kamfani yana iya buga aikin a kasuwarsa kamar kowane mai ba da aiki, ya ɗauki biyu ko uku daga cikinsu, ɗaya mai GNOME, ɗaya mai KDE, ɗaya mai Sway. Sai dai a tuna a ba su kwantiragin farashi ƙayyadadde, ko a buɗe musu damar shigar da lokaci da hannu, don in aka ce na sa'a-sa'a ne da manhaja, kundin aikinsu na makon farko baƙi zai fito.

Huta lafiya, ranki ya daɗe.

Daga wani mai bibiyar harkar ƙwadago ta intanet.